Bokitin Bayan Taga

Shekararsa arba'in da takwas, furfura ta ci rabin gemu, ga ɗan tumbi ya fara tura riga, amma a wurin danginsa har gobe Auta ne. A ofis kuwa Mai Fitila suke ce masa. Ofishin na masu zanen gine-gine ne, a hawa na uku na wani bene da lif ɗinsa ya fi zama a lalace. Wasu su zana gida a takarda, wasu su tayar da shi a cikin kwamfuta, abokin aikinsa Gajere ya jera masa kujeru da labule, sannan a miƙo wa Auta ya kunna rana. Aikinsa ke nan, ya sa haske a gidan da ko harsashinsa ba a haƙa ba, har mai son saye ya kalli hoton ya rantse ya taɓa zama a falon.

Mama, ko lokacin da take da cikakkiyar lafiya, ba ta taɓa gane wannan sana'a ba. In maƙwabta suka tambaye ta me Auta yake yi sai ta ce, "Hoto yake ɗauka, amma na ƙarya."

Da na gaskiyar ya fara. Ya yi shekara tara a wani ɗan shago kusa da tashar mota yana ɗaukar hoton fasfo da na ɗaliban da suka gama makaranta, har wayoyin hannu suka zo suka kashe kasuwar. A shagon nan ya koyi abin da yake ci da shi har yau. Ya lura in ya jingina farin kwali a gefe, inda kyamara ba ta gani, sai ɓangaren fuskar da ke cikin inuwa ya washe. Ashe haske ba ya zama inda ya sauka. Ya bugi ƙasa ya tashi, ya bugi bango, ya kwaso launin bangon ya je ya shafa wa silin, kowane abu a ɗaki yana ara wa ɗan'uwansa. Shi ya sa da ya koma kwamfuta ya zo da wata ɗabi'a da ke ba abokan aikinsa haushi. Sai ya gina har abin da ba zai fito a hoton ba, katangar maƙwabta, bishiyar bayan gida, motar da aka ajiye a waje. Gajere yakan ce masa, "Saura kajin unguwa, Mai Fitila. Su ma ka sa su, kada hasken ya yi kewarsu."

Yadda manhajar ke aiki ba wani abin tsoro ba ne, ko da yake masu ita suna son a ɗauka tsafi ne. Hoton kwamfuta ɗigo-ɗigo ne, miliyoyi. Daga kowane ɗigo sai ta tura 'yan aike su bazu cikin ɗakin su binciko ta ina haske yake iso wa wurin. In 'yan aiken sun yi kaɗan, hoton ya fito da yashi-yashi. In aka ce kowane ɗigo ya tura dubbai, sai a kwana uku ana jiran hoto ɗaya, Oga, mai ofishin, kuwa haƙurinsa bai kai na tafasar shayi ba. Saboda haka akwai dabara. Kowane ɗigo ya fara tura kaɗan. In sun dawo bakinsu ɗaya, sai manhajar ta ce nan an gama, ta kwashe ƙarfinta ta kai inda 'yan aike ke dawowa da magana biyu, kamar gefen labule ko ƙarƙashin tebur. Adadin na farkon nan mutum ne yake sa shi da hannunsa. Auta ya sa goma sha shida tun shekarun baya, bayan gwaje-gwaje masu yawa, kuma yana ji da lambar nan tasa kamar shi ya haife ta.

Matarsa, wadda take koyarwa a makarantar firamare, da ya taɓa yi mata wannan bayanin sai ta ce, "Ashe a wurinka ta koya. Ka tambayi mutum lafiya sau ɗaya, ya ce lafiya lau, shi ke nan ka rufe babinsa." Ya yi dariya a lokacin, don a lokacin yana dariya.

Shekara biyu da suka wuce aka faɗaɗa titin da ya bi ta tsohuwar unguwarsu, gidan da aka haife shi ya tafi cikin kwalta. Mama ta dawo wurinsa. Mantuwar ta fara da ƙananan abubuwa, makulli a cikin firji, gishiri sau biyu a miya. Wata safiya ya fito da shirin ofis, ya durƙusa zai gaishe ta, ta dube shi da fara'ar da ake yi wa baƙo ta ce, "Sannu, bawan Allah. Masu gidan suna ciki?"

Ya ce suna ciki. Ya sa takalmi, ya sauka, ya hau mota. Duk hanya yana jiran abin ya soke shi, bai soke shi ba. Ya isa ofis ya haska ɗakin girkin wani otal, ya ci abincin rana har ya siɗe cokali. Washegari ma haka. Zuciyarsa ta yi irin abin da ƙafa ke yi in an daɗe a zaune a kanta, ka taɓa ka san taka ce amma ba ka ji. Yana sayo magani a kan lokaci, yana kai ta asibiti, yana yanke mata farce ran Asabar, duk ba tare da jin komai ba. Wata bakwai ke nan rabon da ta ce masa Auta. Yayarsa, wadda take zuwa duk ƙarshen mako daga can ƙetaren gari, wani lokaci Mama takan gane ta. Matarsa kuwa ta zama "mai gidan haya", ana yi mata ladabi ana kuma ɓoye mata sabulu. Shi dai bawan Allah ne, wani mutumin kirki da ke yawan shigowa.

Likita ya ce a riƙa nuna mata abubuwan da ta saba da su, tsofaffin hotuna, kayan ɗakinta, wani lokaci abu ɗaya yakan jawo wani. Kayan ɗaki an rabar tun lokacin rusau. Yaya ta zo da ambulan cike da hotuna, suka baje a kan tebur. Duk a waje aka ɗauke su, ko a shagon Auta, gaban labulen nan mai zanen teku.

"Shekara tara kana ɗaukar hoton mutanen da ba ka sani ba," in ji Yaya, "ɗakin da aka yanke maka cibiya ko sau ɗaya. Kai dai an yi ɗan banza."

Bai musa ba. Ran Litinin da aka tashi cin abinci ya buɗe sabon aiki a kwamfutarsa, ya ja bango huɗu. Abin da yake so ɗaya ne, kuma ya san shi sarai ko da bai faɗa wa kowa ba. Yana so Mama ta ga ɗakinta, ta waiwayo ta gan shi a tsaye kusa da shi, ta kira sunansa. Ba ɗoki yake yi ba. Yana son abin ne kamar yadda marar lafiyar da bakinsa ya mutu yake son ya ji ɗanɗanon gishiri, don ya tabbatar harshen yana nan.

Mako biyar ya yi yana gini, a lokacin hutun rana da kuma awa ɗaya bayan an tashi. Gadon ƙarfe mai ƙwallaye huɗu, ɗaya ya ɓace an toshe wurin da murfin kwalba. Keken ɗinki a ƙarƙashin taga. Kabad mai gilashi da ya tsage ta kusurwa aka manne shi da salatif. Bango kore daga ƙasa zuwa ƙirji, fari daga nan zuwa sama, da wurin da kan gado ya goge fentin. Kullum sai ya kira Yaya.

"Yaya, rediyon a kan kabad yake ko a kan taga?"

"A kan kabad. Kai da ba ka isa ka taɓo shi ba, shi ya sa aka sa shi can."

"Ledar ƙasa fa, ruwan ƙasa ce?"

"Ja ce."

"Ruwan ƙasa ce, Yaya."

"Ni na goge ta shekara goma sha biyu, kai aikinka fitsari a kai. Ja ce, ta koɗe."

Ya sa ja, ya koɗar da ita. Kuma bisa ɗabi'arsa ya gina bayan tagar ma, ko da yake daga inda ya kafa kyamara ba za a gani ba: katangar bulo, igiyar shanya, famfon da ke ɗiga, da bokitin ƙarfe a ƙarƙashinsa cike da ruwa. Ya sa rana a hantsi. Ya bar lambarsa ta kullum, ya danna, cikin minti arba'in hoto ya fito. Ya ga wasu 'yan fararen ɗigo biyar ko shida a silin, irin dattin da ke fitowa wani lokaci, ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya goge.

Ran Asabar da safe, lokacin da kan Mama ya fi zama daidai, ya haɗa kwamfutar hannunsa da talabijin ɗin falo. Aka zaunar da ita a kujerar tsakiya. Ɗakin ya cika allon, tsaf, ko ƙwayar yashi babu. Mama ta duba na ɗan lokaci, ta gyaɗa kai.

"Ɗaki mai kyau," ta ce. "Na haya ne?"

Daga nan ta koma tsintar zare a bakin zanenta. Matarsa ta tashi ta shige kicin. Auta ya tsaya riƙe da wayar haɗin talabijin a hannu yana nannaɗe ta. Mako biyar, in ba ƙira me ya ci gawayi? Amma ko wannan tunanin a kansa ya tsaya, bai sauko ƙirji ba.

Yaya ce ta ƙi sakin hoton. Ta matsa kusa, ta ja da baya, ta karkata kai. "Komai yana nan," ta ce, "amma ba shi ba ne."

"Me ya rage?"

"Ina na sani? Kai ne mai hoto."

Ta gaji da tsayuwa, ga ciwon gwiwa, sai ta miƙe a kan kafet ta yi matashi da hannu. Tana kallon sama sai ta zabura. "Ruwan nan! Auta, ina ruwan silin? Ka manta? Da hantsi, in muna kwance a ledar nan, wani haske yakan fito a sama kamar raga, yana rawa. Har kamawa kake son yi."

Bai tuna ba. Ya lalubi kansa bai sami komai ba. Amma ya san daga inda irin wannan hasken yake zuwa, rana ce ke bugun ruwa ta tashi ta shigo ta taga. Kuma ya sa bokitin, ya sa ruwan, ya sa ranar a inda ya kamata. Hasken ya kamata a ce yana nan.

Ran Litinin ya buɗe hoton tun kafin gyara, ya ƙura wa fararen ɗigon nan ido, sai ya gane abin da ya yi. Kafin ɗan aike daga silin ya gano wannan hasken sai ya fita ta taga, ya faɗa daidai bakin bokiti, ya tashi daga kan ruwa ya nufi idon rana. A cikin dubu da ƙyar ɗaya ya dace da wannan hanya. Goma sha shidan farko kuwa duk sun dawo bakinsu ɗaya, farin silin ne, babu komai a nan. Manhajar ta yarda da su ta tafi ta ƙarar da ƙarfinta a kan gefen labule. 'Yan ƙalilan da suka yi sa'a suka dawo da labarin gaskiya, su ne ya bi da hannunsa ya goge a matsayin datti. Shekara goma sha ɗaya lambar nan ba ta ba shi kunya ba, don gidajen masu kuɗi ba su da bokiti a bayan taga.

Ya goge sha shida ya rubuta dubu huɗu. Ya kashe duk abin da ke share ɗigo. Kwamfutarsa ta lissafa ta ce ita kaɗai sai ta yi kusan wata guda. Dole ya je wurin Oga ya roƙi manyan injinan ɗakin baya daga yammacin Juma'a zuwa safiyar Litinin.

"Duka shidan?" in ji Oga, bai ɗago daga waya ba. "Wane kwastoma ne wannan da ban san da shi ba?"

"Mama ce, Oga."

Oga ya ajiye wayar, ya ɗago ya dube shi. Can ya ce, "Ka bar na'urar sanyaya ɗakin a kunne, kada su yi zafi."

Da safiyar Litinin hasken yana nan. Ya kwanta a silin daga saman taga har kusan tsakiyar ɗaki, zare-zare masu lanƙwasa sun sarƙe da juna, har ya ɗan zubo wa saman kabad. Gajere ya tsaya a bayansa da kofin shayi. "Kai! Mai Fitila, wannan ai har sanyin ruwan ake ji." Auta ya faɗaɗa hoton ya bi kusurwa-kusurwa yana neman yashi, bai samu ba, ya adana, ya koma kan ɗakin taron wani banki.

Asabar ta zagayo. Aka sake zaunar da Mama a kujerar tsakiya, Yaya a gefenta, matarsa a bakin ƙofar kicin da tawul a kafaɗa. Ya danna.

Wannan karon Mama ta ƙura wa allon ido. Ta dafa hannun kujera ta miƙe da kanta, abin da ta kwana biyu ba ta yi ba. Ta taka har gaban talabijin, ta sa yatsa a kan keken ɗinki, ta shafa gefen gado inda murfin kwalba yake. Sannan ta ɗaga kai ta ga silin. Nan take fuskarta ta canza.

"Wa ya bar shi a buɗe?" ta ce, da wata murya mai ƙarfi da Auta ya manta tana da ita. "Ina yarinyar nan? Sau nawa zan faɗa mata?"

Yaya, mai jikoki uku, ta dafe baki. "Wayyo Allah," ta ce a hankali. "Ni ce. Auta, ni ce mai barinsa a buɗe. In an rufe bokitin hasken ba ya fitowa, da shi take gane na yi sakaci ko tana kan keke. Kana wata tara aka tsamo ka daga ciki ta ƙafa, ba ka numfashi, sai da Baba ya jijjiga ka. Na tuna hasken, na manta dukan."

Ba wanda ya taɓa gaya masa wannan. Bai sami damar juya shi a ransa ba, don Mama ta fara laluben gefen talabijin tana neman ƙofa, tana leƙa bayansa, numfashinta yana sama-sama. Ta juyo ta yi karo da shi, ta cafke wuyan hannunsa. Yatsun nan da yake yanke wa farce, ashe da sauran ƙarfi a cikinsu.

"Bawan Allah, don girman Allah taimaka, ka fi ni sauri. Bokiti ne a bayan taga. Auta ya fara rarrafe."

Ga sunan ya fito, a gabansa, tana kallon cikin idonsa. Ya ji riƙon har cikin ƙashi. Wani abu ya motsa masa a ƙirji, mai zafi, irin zafin da ƙafa ke yi in jini ya fara dawowa, kuma bai ji daɗinsa ba ko kaɗan.

"To, Mama," ya ce. "Yanzu zan rufe."

Yaya ta kamo ta tana lallashi, an tafi rufewa, ga shi can ya tafi. Ta waiwayo ta ce masa ƙasa-ƙasa, "Mayar da na farkon nan mana, ai babu hasken a ciki."

"A na farkon nan bokitin a buɗe yake, Yaya."

"Wa zai sani?"

Auta ya nufi kwamfutar. Ya ja kujera a teburin cin abinci, ya buɗe aikin, ya zagaya bayan tagar da ba kowa ke gani. Ga famfo, ga igiya, ga bokiti. Ya zana faifan ƙarfe daidai faɗin bakin, ya yi masa ɗan mariƙi, ya ɗora. Ya tuna yaro mai rarrafe yana iya ture murfi, sai ya ɗauko bulo ɗaya daga katanga ya danne. Ya rage girman hoton don ya yi sauri, ya mayar da lambar sha shida, ya danna. Minti shida aka yi, Mama tana tambaya ko an rufe, Yaya tana cewa saura kaɗan. Hasken da injina shida suka kwana uku suna nema ya tafi, silin ya koma fari fat.

Ya tura hoton kan talabijin. Mama ta ɗaga kai ta bi silin da kallo daga wannan kusurwa zuwa waccan. Ta sauke ajiyar zuciya, kafaɗunta suka sauko.

"Yauwa," ta ce.

Ta koma kujera da taimakon Yaya, ta zauna tana fuskantar ɗakinta, ta gyara ɗaurin ɗankwali. Can ta neme shi da ido, ta same shi tsaye a bakin tebur, ta yafito shi. Ya zo ya durƙusa. Ta dafa kansa, a kan furfurar.

"Allah ya yi maka albarka, bawan Allah. Ba ka san mu ba ka taimake mu. Wadda ta haife ka ta huta."

"Amin," in ji Auta. "Zan faɗa mata."